Ƙafar Kunkuru: Tarihin Tayar Basuwaja da Fijo a Ƙasar Gumel

Mu marubuta littattafan hikaya muna da wata ɗabi'a. In za mu shigo da gwarzon labari sai mun ɓata shafi guda muna siffanta motarsa, da launinta da sanyin cikinta da ƙamshin da ke tashi in ya buɗe ƙofa, amma da wuya ka ga wanda ya tuna da tayar da ke ƙarƙashinta, sai fa ranar da muke son kashe shi, sannan mu ce taya ta yi bindiga a hanyar Kaduna. Alhali kuwa duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a jikinta bai wuce faɗin tafin hannu huɗu ba.

Abin da ya ja hankalina ga wannan magana shi ne, yanzu akan sami yara masu sha'awa suna jawo tsohuwar Basuwajar mahaifinsu ko Fijo 504 daga inda aka yar da ita a bayan gida, su kori kajin da ke ƙwai a ciki, su kai ta wajen bakanike a tayar da inji, a yi fenti, ta fito tana ƙyalli. Duk wannan yakan tafi daidai. Inda ake cijewa shi ne wajen taya. Tayar da a da ko a ƙaramin shago za ka same ta, yau sai ka zagaye Ƙofar Ruwa a Kano ana girgiza maka kai, daga ƙarshe wani ya ce ai ga wadda za ta shiga, a ɗaura maka abin da ba nata ba. Kafin mu zo kan wadda ta dace, bari mu koma baya mu ga yadda aka yi aka zo nan, domin labarin ya fi ƙarfin shagon mai taya.

Duk wanda ya san Gagarawa ya san dalilin da ya sa ake cewa Gagarawa Tasha. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Taura ya wuce Malam Madori, ya isa Nguru a shekarar 1930, shi ne ya kafa tasha a nan. Jirgin bai shiga Gumel ba, bai je Maigatari ba, balle Sule Tankarkar, saboda haka duk gyaɗar da aka noma a ƙasar Lautai da fatu da ƙiraga da ƙaro sai an ɗauko su an kawo bakin dogo. Da farko aikin jakuna ne da raƙuma da takarkarai, daga baya manyan motoci suka shigo. To a nan ne taya ta fara haɗuwa da ƙasarmu, kuma ba haɗuwar daɗi aka yi ba. Ƙasa ce ta jigawa, rairayi ne mai laushi wanda da rani mota ke nutsewa a ciki har gindi, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa, inda kuma aka zuba burji sai ya yi gargada ya dinga kaɗa mota kamar ana tankaɗe. Direban wancan zamani in bai iya faci da hannunsa ba, to bai gama koyon tuƙi ba.

Ita kanta tayar ba ta daɗe da zuwa duniya ba a lokacin. Wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ne ya gano a 1839 cewa in aka dafa danƙo da farar wuta yakan yi ƙarfi, ya daina narkewa da zafi ko daskarewa da sanyi, kuma daga sunan wannan dahuwar ne aka samo kalmar bolkanaiza da mutanen Kudu ke kiran mai faci da ita. A 1888 wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast. Bayan shekara 3 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da wadda ake iya cirewa a gyara a mayar. Mai karatu ya riƙe sunayen nan biyu, Dunlop da Michelin, domin su ne suka yi kusan shekara 45 suna riƙe da ƙafar motocin Nijeriya.

Bayan samun mulkin kai, dukkansu biyun sun kafa masana'anta a ƙasar nan. An yi wa Dunlop rajista a 1961, ya fara fitar da taya daga Ikeja a 1963. Michelin kuma ya zauna a Fatakwal tun farkon shekarun 1960. Danƙon ma namu ne, daga dazuzzukan yankin Binin da kewaye ake tatso shi. Ga kuma attajirin nan na Ijebu-Ode, Timothy Adeola Odutola, wanda ya kafa masana'antun sake wa tsohuwar taya sabon baya a Ibadan da Anacha da Kano. Wato ke nan mai mota a Gumel in tayarsa ta suɗe yana da zaɓi: ko ya sayi sabuwa 'yar gida, ko ya aika da tsohuwar Kano a yi mata sabon zane.

Sai dai ƙaramar mota ba ta zama ruwan dare a wannan yanki ba sai tsakiyar shekarun 1970. Abubuwa da dama ne suka haɗu a lokaci guda. Fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya cinikin da ya raya tashar Gagarawa, amma kuma a daidai lokacin kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, malamai da ma'aikata suka yawaita, ga rancen mota. A 1975 ne kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci, a shekarar ce kuma na Volkswagen ya fara a Ojo ta Legas. Nan da nan aka raba gari. Babban ma'aikaci da alhajin birni su hau Fijo, hedimasta da malamin gona da malamin asibiti su hau Basuwaja, wadda wasu ke kira Bitil, Yarabawa kuma su ce Ijapa, wato kunkuru.

Ni a ganina ba a taɓa kawo ƙaramar motar da ta dace da jigawa kamar kunkurun nan ba, kuma rabin sirrin a ƙafarta yake. Injinta a baya yake, nauyinsa na danne ƙafafun da ke tura motar, shi ya sa take haƙa ta fita inda wata za ta tsaya tana wulwula taya a banza. Cikinta a shafe yake kamar faranti, ba abin da ke reto da zai kama yashi. Ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta, ba ruwanta da neman ruwa a dajin Sule Tankarkar. Sannan wilinta inci 15 ne, dogo, ga shi siriri, sai ya ɗaga ta sama. Ba banza ba sojojin Jamus suka yi amfani da wata 'yar'uwarta mai suna Kübelwagen a hamadar Afirka ta Arewa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka sa mata tayoyi masu ƙiba na shiga rairayi.

Lambar asali da ke jikin tayar Basuwaja ita ce 5.60-15. Ma'anarta faɗin taya inci 5.6, bakin wili inci 15. Wannan ita ce tayar da masu faci ke ce wa mai zare ko nailan, domin zaruruwan da ke cikinta a gicciye aka jera su, shimfiɗa kan shimfiɗa, tun daga wannan baki har wancan. Gefenta na da tauri, tana jure dukan dutse da kututture, amma tana saurin ɗaukar zafi, tana saurin cinyewa, kuma in aka hau kwalta da gudu sai ta riƙa bin duk wani tsagi da ke kan hanya. A 1946 Michelin ya yi rajistar wata sabuwar dabara, ya fara sayar da ita a 1949 da sunan Michelin X. A wannan, zaruruwan a miƙe suke tsallaka taya, sannan aka yi mata ɗamara da wayar ƙarfe a ƙarƙashin zanen. Ita ce radiyal, ko mai waya, kuma ita ce ma'anar harafin R da kake gani a jikin kusan kowace tayar ƙaramar mota a yau. Ta fi daɗewa, ta fi kama ƙasa, ta fi sauƙin shan mai. Da Basuwaja ta koma kanta sai lambar ta zama 155 R15, wasu kuma su sa 165 R15.

Fijo kuwa, da yake 'yar Faransa ce, da wuri ta rungumi mai waya. A jikin tayar 404 za ka ga 165x380, kada lambar ta ruɗe ka, milimita 380 shi ne dai inci 15 a lissafin Faransawa, kuma noti 3 kacal ke riƙe da wilinta. Ita 504, wadda ta fito a 1968 ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sai ta sauko inci 14 da noti 4, lambarta 175 R14. Ita ce ta yi sarauta a tashoshin mota daga Kano zuwa Gumel zuwa Maigatari, musamman doguwar mai layi uku, wadda ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari ake cusa mata mutane da kaya har bayanta ya kusa shafar ƙasa. Nan ma taya ce ke biyan bashin.

Rushewar ta zo a hankali. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya a farashin gwamnati. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986 aka saki naira, kafin 1987 ta ƙare sai an ba da wajen naira 4 ake samun dala. Sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta, kamfanin Volkswagen na Legas ya yi ta tangal-tangal, tun kafin a shiga shekarar 2000 ya daina haɗa mota. Aka koma tokumbo, ana shigo da su ta Kwatano da kan iyakokin Nijar, Golf da Toyota da Honda, kowace da irin nata wilin. Ita Basuwaja an ci gaba da yin ta a Meziko har ranar 30 ga Yulin 2003, bayan an ƙera sama da miliyan 21, ita kuma 504 Kaduna ta riƙe ta har wajen 2006, amma kasuwar taya ta riga ta juya musu baya. Sai ga babban bugu. A 2006 gwamnati ta sauke harajin shigo da tayoyin manyan motoci daga kashi 40 cikin ɗari zuwa kashi 10, ga rashin wutar lantarki da ya sa kowace masana'anta ke ƙona mai a janareto dare da rana. Michelin ya rufe Fatakwal a 2007, ma'aikata wajen 1,300 suka rasa aiki. Dunlop ya bi sahu a 2008. Abin takaicin shi ne ba a daina tatsar danƙo a Edo da Delta da Ondo ba, sai dai a loda shi a jirgin ruwa ɗanye, mu kuma mu sayi taya daga Sin da Indunusiya da Tailan.

Wannan giɓi shi ya buɗe wa tsohuwar tayar Turai ƙofa, wadda ake kira Beljiyam. A takarda haramun ce, tana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, in ban da wasu manya na tirela da ake sake wa baya. A kasuwa kuwa ga ta nan tsibi-tsibi, an wanke an shafa mata baƙin mai tana sheƙi. Yadda ake shigo da ita ma abin tsoro ne, domin akan cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a ɗaya, don a rage wuri, wayar bakinta ta lanƙwashe tun kafin ta ga mota. Da yawansu kuma tayoyin hunturu ne, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefensu. Danƙonsu mai laushi ne da aka yi don sanyin Jamus, sai a kawo shi kwaltar Gumel a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa.

To yanzu mai tsohuwar Basuwaja me zai sa? Sai ya fara da koyon karanta lamba. Ɗauki 165/80 R15 87T. Lamba ta farko faɗin taya ne da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 80 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 132. In ka ninka shi biyu ka haɗa da wili mai milimita 381, tsayin taya gaba ɗaya ya kama 645. Lamba 87 na nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 545, harafin T kuma gudun kilomita 190 a awa, wanda kunkuru ko a mafarki ba zai kai ba. Tsoffin lambobi irin 155 R15 da 175 R14 da ba su da ta tsakiya, ana ɗaukarsu a matsayin 80 ko kusa da haka. Ita 155/80 R15 tsayinta 629 ne. Duka biyun suna zama daram a wilin Basuwaja mai faɗin inci 4 ko 4 da rabi. Ta 155 ta fi sauƙin juya sitiyari, kuma ita ce ke shiga ma'ajiyar safaya a gaba ba tare da an danne bonet ba. Amma in ni ne, kuma motar za ta riƙa sauka daga kwalta tana shiga ƙauye, 165 zan ɗauka, don ta fi kusa da tsayin tsohuwar 5.60-15, kuma ɗan tashin nan na milimita 8 da take ƙara wa mota daga ƙasa ba abin rainawa ba ne a rairayi.

Tarkon da aka fi faɗawa shi ne 195/65 R15, tayar Corolla da Golf, wadda ke ko'ina kuma da araha. Mai shago zai jera ta kusa da taka ya ce dubi, tsayinsu ɗaya, inci 15 ce ita ma. Gaskiya ya faɗa, tsayinta wajen 635 ne. Abin da bai faɗa ba shi ne an yi ta ne don wili mai faɗin aƙalla inci 5 da rabi. In aka matse ta a siririn wilin Basuwaja sai ta yi tozo, tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, gefenta na lanƙwasa a kwana. Sitiyarin da ba shi da na'urar taimako ya yi nauyi kamar ana juya dutsen niƙa, in an karya kwana sosai tana iya gogar jikin mota, kayan ƙafar gaba kuma su riƙa mutuwa da wuri. Haka abin yake ga 504. Ana yawan sa mata 185/70 R14, wadda ta gaza ta asali da milimita 21 a tsayi. Mota ta sauko da kusan santimita guda, agogon gudu ya riƙa ƙara maka kashi 3 cikin ɗari. Wasu kuma su sa mata 185 R14C ta bas, wadda harafin C ɗin ke nuna ta ɗaukar kaya ce. Ga doguwar Fijo ta haya ko a-kori-kura wannan dabara ce mai kyau, amma ga ƙaramar salun ta gida ka kashe abin da aka san 504 da shi ke nan, wato laushin tafiya. In 175 R14 ta gagara, 195/70 R14 ta fi kusa da ita a tsayi, muddin wilin ya kai faɗin da zai ɗauke ta.

Maganar suna kuwa, har gobe Michelin na yin XZX a lamba 165 R15 da XAS a 175 R14 a sashensa na tsoffin motoci, Pirelli na da Cinturato, Vredestein na da Sprint Classic. Amma waɗannan kayan masu ajiye mota don ado ne a Turai, sai an yi oda, kuma kuɗin guda huɗu na iya haura abin da aka kashe wa injin gaba ɗaya. Kamfanonin Asiya irin su Nankang na Taiwan na yin 165/80 R15 a farashin da mutum zai iya. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: sabuwar taya mai matsakaicin suna wadda lambarta ta dace ta fi Michelin ɗin Beljiyam da ta shekara 9 a wani gareji. Shekarunta kuwa a rubuce suke. Nemi inda aka rubuta DOT, ka duba lambobi 4 na ƙarshe. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na 2021. In lambobi 3 ka gani, to tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, ko da zanenta bai taɓa ƙasa ba ta mutu. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana cewa shekara 4 ne wa'adin taya, su kuma masu ƙera ta irin Michelin suna cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai 5, kada kuma ta wuce 10. Tsohuwar motar da ba a hawa kullum ita ta fi shiga wannan haɗari, don tayarta ba ta suɗewa, sai dai rana ta busar da ita ta yi ta tsatstsagewa a gefe. Wanda ke ganin wasa ne ya tuna da Minista James Ocholi, wanda fashewar taya ta yi ajalinsa da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris 2016, a cikin babbar jif ta gwamnati.

Akwai wasu ƙa'idoji da tsoffin direbobi suka sani, yaran yanzu ba su gada ba. Ba a sa mai waya a gaba a bar mai zare a baya, musamman a motar da nauyinta ke baya, domin gaba zai kama ƙasa baya ya sulale, kafin ka ankara mota ta juyo tana kallon inda ta fito. Ba a haɗa iri biyu a layi ɗaya. Tsohon wilin da ba shi da ɗan tudun nan na ciki mai riƙe bakin taya, tiyub yake so. Kuma kafin ka sayi wilin wata Basuwajar ka ƙirga noti, don akwai mai 5 akwai mai 4, ba sa shiga juna.

Amma duk a cikinsu babu wadda ake takewa kamar ta iska. Mai facin yau ya saba da bas da Golf, in ka tsaya sai ya ɗura wa kowace ƙafa 40 ko fiye, ya buga ta da ƙarfe ya ji ta yi ƙara ya ce ta yi. Ga Basuwaja wannan ganganci ne. Gabanta ba nauyi, abin da kamfanin ya tsara wa mai waya shi ne wajen 18 a gaba, 27 a baya, kuma wannan bambancin da gangan aka yi shi don ya hana bayan motar yin gaba da kansa a kwana. In aka cika gaba da iska sai ta riƙa tsalle a gargada, birki ya ƙi kamawa, in tirela ta wuce ta iskarta ta ture ta gefe. A auna da safe kafin a hau hanya, da geji, ba da bugun ƙarfe ba. In an yi tafiya taya ta yi zafi geji zai nuna ta ƙaru, kada a sace, haka aka yi ta. Inda ake rage iska da gangan shi ne in za a ratsa rairayi mai zurfi, don taya ta baje ta hau kansa, da an fito kwalta kuma a mayar, in ba haka ba zafi ya cinye ta daga ciki.

Safaya ce kaɗai ake cika wa iska har wajen 42 a samfuran da suka fito bayan 1967, kuma dalilin zai ba ka dariya. Bajamushe bai sa wa motar famfon fesa ruwan gilashi ba, sai ya ja 'yar roba daga bakin safaya zuwa tankin ruwan, iskar tayar ce ke turo shi. Ya kuma sa wani ɗan makulli da ke tsayar da fesawar in iskar ta sauka zuwa wani mataki, don kada a wanke gilashi a rasa safaya. Yawancin waɗanda suka rage a ƙasar nan an daɗe da cire musu wannan roba, wani bakaniken ma bai san aikin me take yi ba, sai ya zaci ta mai ce ya toshe ta da ƙusa.